Sakatar Taga: Tsakanin Iska Da Ɓarawo

 Na san wasunku sun saba ganin na tsunduma cikin manyan batutuwa, na ilimi ko na shugabanci. A wannan makon ku yi mini uzuri, zan sauko ƙasa in yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai kai yatsa ba, wato sakatar taga. Wanda ya ga abin ya yi ƙanƙanta ya daure ya kai ƙarshe, domin ni ma sai da ya taɓa ni na san nauyinsa.

A bazarar da ta wuce, cikin watan Afrilu, muka yi kwana uku babu wutar lantarki a unguwarmu. Ɗakin kwana ya koma tamkar tanderu. Uwargida ta ce a rufe taga saboda ɓarayi, ni kuwa na ce a bar ta saboda yara. Muka daidaita a kan a buɗe ta faɗin tafin hannu kawai. Da na tashi sallar Asuba sai na tarar da tagar a wangale, an tsarge ragar sauro da reza, wayoyi biyu sun tafi, haka ma wandon da na rataye da abin da ke cikin aljihunsa. Ɓarawon bai shigo ba, ƙarafunan taga sun tare shi. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa yatsa ya tura marfin gilashin, marfin ya zame ba tare da ƙara ba, sannan ya zuro doguwar gora mai ƙugiya ya yi ta kamun kifi a ɗakina. Asarar dukiyar ba ta dame ni ba kamar yadda wani abu guda ya dame ni: shimfiɗar yarana tana ƙarƙashin wannan tagar ce, ke nan gorar ta yi ta kai-kawo a saman kawunansu ina barci.

Daga ranar na kafa doka, da an yi sallar Isha'i a kulle kowace taga. Mako bai zagayo ba ƙurajen zafi suka feso wa yaran, ƙaramin ya riƙa kwana kuka. Wani dare 'yata mai shekara shida, tana fifita da kwalin littafi, ta dube ni ta ce, "Abba, wai ba a iya kulle taga a buɗe?" Na yi dariya na ce ta kwanta. Amma bayan ta yi barci sai tambayar ta hana ni nawa barcin. Yarinyar ta faɗi ainihin matsalar. Tagar da muka cika gidajenmu da ita hali biyu kawai ta sani: ko a rufe ruf a kulle, ko a buɗe ba mai tsaronta. Hali na uku, wanda shi ne mazaunin ƙasa mai zafi ya fi buƙata, wato ta tsaya a ɗan buɗe kuma ta ƙi motsawa, babu shi.

Ba haka tagoginmu suke ba a da. A gidan kakana, ɗakin soro ne na tubali mai kaurin bango, tagarsa 'yar ƙarama can sama kusa da azara. Iska mai zafi ta fita ta nan, hannun mutum bai isa ba, balle kansa. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san sanyin da irin wannan gini ke riƙewa. Da zamani ya juya aka koma bulo da kwano, sai tagogi suka faɗaɗa. Aka yi yayin marfin katako da na ƙarfe masu buɗewa waje, kowanne da sakatarsa ta rufewa, da kuma ɗan dogon ƙarfe mai huji-huji da ake maƙala shi domin ya riƙe marfin a inda aka so. Aka yi yayin luba, mai jerin gilasai da ake karkata su da ɗan hannu, a buɗe kaɗan ko da yawa. Kowace daga cikinsu tana da aibinta, ita luba ma ana zare gilasanta ɗaya bayan ɗaya, amma duk sun san wancan hali na uku.

Sai ga taga mai zamiya ta alminiyam, wadda masu sana'ar ke kira silaidin. Ta zo da kyan gani, ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, ta fi luba tare ƙurar hunturu, ba ta cin fili. Nan da nan ta zama alamar gidan zamani, har ya zamana mai gidan haya yana ƙara kuɗi don ya cire luba ya sa ta. Abin da ba mu tsaya muka lissafa ba shi ne, taga mai marfi biyu da ke zamewa ɗaya a bayan ɗaya ba ta taɓa buɗe fiye da rabin faɗinta, domin dole marfi ɗaya ya koma bayan ɗan'uwansa. Mun sayar da rabin iskarmu mun sayi kyan gani, sannan sauran rabin ma tsoro ya hana mu sha.

Da tambayar 'yata a raina na je wurin wani dattijo mai aikin alminiyam a bakin kasuwa. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya jawo wata taga da ya harhaɗa, ya tsayar da ita ya kulle, ya ce, "Malam, ai kai an yi maka da sauƙi. Duba nan." Ya dafa marfin da tafukansa biyu, ya ɗaga shi sama kaɗan, ya jawo gindinsa, sai ga marfin a hannunsa ɗungurungum. Na ce, "Baba, yaya aka yi haka, alhali a kulle take?" Ya ce, "Ta inda aka shigar da shi ta nan yake fita. Ku masu ilimi kuna tambayar launin gilashi da kaurinsa, amma shekara da shekaru ina wannan aiki, da wuya a sami wanda zai tambaye ni wace irin sakata zan sa masa."

Bayanin da ya yi mini ya cancanci kowane magidanci ya ji shi. Marfin irin wannan taga yana gudu ne a kan ƙananan tayoyi tsakanin layi biyu, na sama da na ƙasa. Layin sama ya fi zurfi, da gangan aka yi shi haka domin a cusa kan marfin a ciki sannan a sauke gindinsa a kan layin ƙasa. Muddin aka bar wannan sarari na sama yadda yake, kuma sakatar ba ta kama da kyau ba, mai ɗaga marfin zai iya fitar da shi. Ita kuwa sakatar da aka fi sa mana, 'yar ƙugiya ce da ke kama gefen taga ko ta haɗa marafen biyu a tsakiya, kuma mafi arharta da gauraye mai gautsi ake zuba ta. Idan hunturu ya zo, ƙura ta cika layin ƙasa, tayoyin su cije su side, marfin ya ɗan sunkuya. Da ya sunkuya, ƙugiya ta daina haɗuwa da raminta. Mai gida ya sa ƙarfi, ta ɓalle. Daga nan sai a bar ta haka, ko a cusa takarda, ko a ɗaure da waya. Mai karatu, kafin ka ci gaba, ƙirga tagogin gidanka, ka ga guda nawa ne sakatarsu ke aiki. Na ƙirga nawa, a cikin takwas uku ne.

Maganin kuwa bai kai ciwon tsada ba. Na farko, a ɗaura sukuru biyu ko uku a cikin layin sama, a bar kawunansu sun ɗan leƙo, yadda marfin zai wuce ta ƙarƙashinsu amma ba zai ɗagu ba. Na biyu, a sami abin da zai tokare marfin a kan layi. Akwai ɗan maƙalin ƙarfe da ake ɗorawa a kan layin a murɗa shi da yatsa ya cije, akwai irinsa mai makulli. Duk inda aka ɗaure shi, nan marfin zai tsaya. Wanda bai samu ba, ya yanko katako ko sandar tsintsiyar zamani ya kwantar a cikin layin bayan marfin: dogo na rufewa ruf, gajere na shan iska. Na uku, a huda marafen biyu a inda suka haɗu, a zura ƙusa mai kauri ta ratsa na ciki ta shiga na waje, a kiyaye kada hujin ya taɓa gilashi. Huji ɗaya na kullewa, na biyu a ɗan gaba na barin ta a buɗe. Wannan shi ne amsar tambayar 'yata, kuma duk abin da na kashe bai kai kuɗin ɗaya daga cikin wayoyin da aka ɗauke ba, ko kusa.

Akwai wani abin lura da dattijon ya ja kunnena a kai. Tagoginmu marafen biyu duk suna zamewa. Katakon da ka kwantar daga ciki marfin ciki kawai yake tarewa, na waje yana nan sake, mai turawa zai tura shi. Don haka ko dai a kafe na waje da sukuru, ko a yi amfani da ƙusar da ke haɗa su biyun. Hikimar abin tokarewa kuwa ita ce yana zama can bayan marfin, nesa da inda aka buɗe, yadda wanda ya zuro hannu daga waje ba zai kai gare shi ba. Ba zan ce wannan ya kashe bakin ɓarawo gaba ɗaya ba. Gora na iya shiga ta faɗin tafin hannu. Amma ba ta da sararin juyawa, abin da za ta iya fitarwa kaɗan ne, kuma mai hankali ya janye waya da jaka daga saitin taga. Ɓarawon dare abu biyu yake gudu, ɓata lokaci da ƙara. Duk abin da ya tilasta masa ɗaya daga cikinsu ya yi rabin gadi.

To, da maganar ta tsaya a kan ɓarawo da ban ɓata muku shafi ba. Amma taga tana da wasu haƙƙoƙi a kanmu da suka shafi rai kai-tsaye.

Na farko shi ne yara. Benaye suna ta ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja da sauran biranenmu, kuma sau da yawa maigini yakan sa ƙarafuna a tagogin ƙasa ya bar na sama, a kan cewa ɓarawo ba ya tashi sama. Ya manta da na cikin gida. Marfin da ɓarawo ya tura da yatsa ɗaya, yaro ɗan shekara biyu ma zai tura shi. Ragar sauro kuwa yaudara ce a nan, tana sa yaro ya ga kamar akwai abin jingina, alhali ba ta ɗaukar nauyinsa. Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan. A birnin Niyok na Amurka, yawan faɗowar yara daga tagogin dogayen gidaje ya sa hukumar lafiya ta birnin ta fara gangamin wayar da kai a 1972, tana raba ƙarafunan kare taga kyauta. A 1976 aka mayar da abin doka, aka wajabta wa mai gidan haya ya sa abin kariya a tagogin duk gidan da yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa yake zaune, kuma faɗowar yara ta ragu ƙwarai. A Ingila da Amurka, ma'aunin da aka fi yarda da shi ga tagar da ake tsoron faɗowa ta cikinta shi ne kada ta buɗe fiye da inci 4, wato kimanin santimita 10. An zaɓi wannan faɗi ne domin jikin ƙaramin yaro ba ya wucewa ta ciki. Faɗin tafin hannun babban mutum ke nan, daidai wanda ni da uwargida muka daidaita a kai a wancan daren, sai dai mu ba mu da abin da zai tsayar da tagar a wurin.

Na biyu shi ne numfashi. Garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafinsu yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa. Waɗanda suka kai shekaruna ba su manta da 1996 ba, shekarar da wannan cuta ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Allurar rigakafi ita ce babbar garkuwa, wannan ba gardama. Amma duk shekara jami'an lafiya suna maimaita kira ɗaya, a guji cunkoso, a kwana inda iska ke shiga. Muna ji muna gyaɗa kai, sannan dare ya yi tsoro ya sa mu rufe komai. Ga kuma hayaƙin janareta da na gawayi, wanda gubar cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, takan kwashe iyali guda suna barci. Maganin wannan na asali shi ne kada janareta ya kwana kusa da ɗaki, kada kaskon wuta ya kwana a ciki. Sai dai ɗakin da aka toshe ko'ina shi ne ya fi saurin zama kabari. Shawarar a buɗe taga ba ta da amfani ga mutumin da buɗe taga ke nufin miƙa wa ɓarawo dukiyarsa. Sai an ba shi hanyar da zai buɗe kuma ya yi barci.

Na uku shi ne gobara, kuma a nan ne nake so mu yi hattara kada garin neman gira mu rasa ido. Tsoron ɓarayi ya sa mun mayar da gidajenmu keji. Kowace taga an walde mata ƙarafuna an binne bakinsu a cikin siminti, ƙofa ɗaya ce ta fita, ita ma da kwaɗo biyu. Idan wuta ta tashi a falo ko a kicin, wanda ke ɗakin kwana ta ina zai bi? A watan Maris na 2001, a makarantar sakandaren Kyanguli da ke yankin Machakos a Kenya, ɗalibai 67 suka rasu a gobarar ɗakin kwana. Daga cikin abubuwan da suka tsananta asarar akwai ƙofar da ke kulle da tagogin da ke da ƙarafuna. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakunan kwanan ɗalibanmu, daga na sakandare har na manyan makarantu, ya san ba sai an je Kenya ba kafin a ga irin wannan gini. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aƙalla taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ya kamata ƙarfenta ya zama mai buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye a wuri sananne da hannun waje ba ya kaiwa, kowa a gidan ya san inda yake, har a cikin duhu. Wannan sharaɗi ya hau kan abin tokare marfin ma: duk sakatar da babban mutum ba zai iya cire ta cikin daƙiƙoƙi ba a lokacin firgici, ta tashi daga mai gadi ta koma mai tsaron kurkuku.

Na san abin da wani zai ce. A ƙasar da 'yan bindiga ke ɗauke mutane daga gidajensu, malamin jami'a ya rasa abin rubutawa sai sakata? Gaskiya ne sakata ba ta tare mai bindiga, wannan aikin hukuma ne, kuma ba mu fasa tuna mata ba. Amma yawancin abin da ke samun gidajenmu ba da bindiga yake zuwa ba. Da gora yake zuwa, da reza, da tartsatsin wayar lantarki, da ɗan sakacin minti biyu da uwa ta juya baya. Waɗannan suna cikin ikonmu. Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, ta jingina komai ga manyan matsalolin da ba mu da iko a kansu, domin mu sami uzurin barin ƙananan da ke hannunmu. An kuwa hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Haka nan ɗabi'armu ta gini tana buƙatar gyara. Mutum zai kashe miliyoyi a kan tayil da silin da fentin gaban gida, idan aka zo kan sakata da makulli sai ya ce wa mai aiki ya sa mafi araha. Araha kuwa ba ta ado. Shi ma mai aikin, da yake ya san ba za a duba ba, sai ya rage a inda ido ba ya kaiwa. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma takarda ba ta ɗaura sukuru. Hukumomin tsara birane na jihohinmu, da suke duba zanen gini kafin su ba da izini, ya dace su riƙa tambayar abu biyu ga duk bene da duk ɗakin kwanan ɗalibai: me zai hana yaro faɗowa, kuma ta ina mutum zai fita idan ƙofa ta gagara? Masu gidajen haya su san cewa tagar da ba ta kulluwa aibi ce a gida kamar rufin da ke yoyo, gyaranta a wuyansu yake. Ɗan haya kuma, kafin ya biya, ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ya gwada, kamar yadda yake buɗe famfo ya ga ko akwai ruwa. Mu kuma da ke koyarwa, musamman 'yan'uwana na sassan zanen gini da kwalejojin fasaha, wannan ƙalubale ne gare mu. Ɗan maƙalin da zai tsayar da taga ba ya buƙatar a yo odarsa daga Sin. Ɗalibanmu da maƙeranmu za su iya ƙera wanda ya dace da ƙurarmu da aljihunmu, in an nuna musu akwai masu saye.

Ni dai na kira dattijon nan ya zo gida. Cikin yini ɗaya ya sauya sakatu biyar, ya ɗaura sukurori a layukan sama, ya huda marafen ya ba ni ƙusoshi. Ya koya wa yaran share layin ƙasa da tsohon buroshin haƙori duk ranar Asabar, ya ce kada a zuba man da ke kama ƙura. Na kuma shawo kan mai gidan, bayan doguwar muhawara, aka kawo mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin kwana mai buɗewa. A daren farko 'yata ce ta zura ƙusar da hannunta a huji na biyu, ta tura marfin ta ga ya ƙi tafiya, ta ce, "Abba, ka gani ko? Ana iyawa."

Mai karatu, bazara na nan tafe kamar yadda ta saba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yau in ka koma gida ka zagaya tagoginka. Ka tura, ka ɗaga, ka duba sakata, ka tambayi kanka ta ina iyalinka za su fita idan ta ɓaci. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba mu barci cikin aminci. Sai mako mai zuwa, idan Mai duka Ya kai mu.